Ziyarar Lampang: Ladubban Shiga Haikalin Buddha da Wanka a Ruwan Zafin Chae Son

Yawancin mutanenmu da suka taka ƙasar Tailan ba su wuce Bankok ba. A sauka, a shiga kasuwar Pratunam a sari kaya, a miƙa wa masu lodi, a kwana biyu a masauki ana jiran takardu, sai a juyo gida. Wanda bai taɓa zuwa ba kuwa, sanin da ya yi wa ƙasar bai wuce buhun shinkafa ba. Wannan jagora ta mutumin da ya samu rarar 'yan kwanaki ce, yana son ya ga inda mutanen ƙasar suke ibada da inda suke hutawa, ba tare da ya ɓata wa masu gida rai ba, ba kuma tare da ya taɓa nasa addinin ba. Biyun suna yiwuwa tare, in an san yadda ake yi.

Lardin da na zaɓa shi ne Lampang, a arewacin ƙasar, kimanin kilomita 600 daga Bankok, kilomita 100 kuma kudu maso gabas da Chiang Mai. Motocin 'yan yawon buɗe ido ta gefensa suke ratsawa su nufi Chiang Mai, kuma wannan ratsewar ce ta yi masa rana. Haikalansa har yau na mutanen unguwa ne. Tsofaffi ke share su, yara ke wasa a harabarsu, ba su zama kasuwar 'yan kallo ba. A cikin lardin ne ake da wasu daga cikin gine-ginen katako mafi daɗewa a ƙasar, a nan ne kuma ruwa ke fitowa daga ƙasa da zafin da ke dafa ƙwai, a tsakiyar daji.

Takardu, hanya da lokaci

Ɗan Najeriya ba ya shiga Tailan sai da biza, kuma cikin abin da ofishin jakadancinsu na Abuja ke nema akwai takardar wanke kai daga hukumar NDLEA. Ita ce mai cin lokaci, don haka da ita ake farawa. Katin rigakafin cutar shawara wajibi ne ga wanda ya fito daga Najeriya, Nijar, Gana, Kamaru, Chadi ko Sudan, kuma a filin jirgin Bankok sai an tsaya a teburin jami'an lafiya sun duba shi kafin a shiga layin shige da fice. Tun Mayun 2025 kuma ana cike katin isowa ta intanet cikin kwana 3 kafin sauka.

Daga Bankok na fi son jirgin ƙasa na dare. Yana tashi daga tashar Krung Thep Aphiwat da yamma, akwai gadon kwana, ya sauke ka a Lampang da asuba ko gari na wayewa. Ɗaya daga cikin jiragen yana da taragon mata zalla, abin da ya kamata mai tafiya da iyali ya tambaya lokacin yankar tikiti. Akwai bas daga tashar Mo Chit, akwai jirgin sama. Wanda yake Chiang Mai kuwa, awa ɗaya da rabi zuwa biyu ne a mota. In ka ga tikitinka ɗauke da shekarar da ba ka gane ba, ba kuskure ba ne: kalandarsu ta ɗara ta Miladiyya da shekara 543, wato 2025 ita ce 2568.

Lokacin zuwa shi ne daga Nuwamba zuwa farkon Fabrairu. Safiya da sanyi, rana ba ta ƙuna, sararin sama tas. Daga ƙarshen Fabrairu zuwa Afrilu ana ƙona gonaki, daji na cin wuta, hayaƙi ya kwanta a kan arewacin ƙasar har duwatsu su ɓace wa ido. Garin Lampang kuwa a kwari yake, hayaƙin ba ya samun mafita, zafin Afrilu kan haura digiri 40. Mai asma ko ciwon ƙirji kada ya soma zuwa a wannan lokaci. Da damina daji ya fi kyau, amma matakalar duwatsu santsi gare su.

Abin da ke cikin katanga

Haikalin Buddha a Tailan sunansa wat, kuma ba ɗaki ɗaya ba ne, gida ne guda mai katanga da gine-gine da yawa. In ka san aikin kowanne, ba za ka yi ta dafa ƙofar da ba taka ba. Babban zauren da jama'a ke taruwa su saurari wa'azi shi ne wihan, nan ne baƙo ya fi shiga. Akwai wani ɗaki, sau da yawa ƙarami a arewa, mai suna ubosot, inda ake naɗa malamai; za ka gane shi da duwatsun iyaka 8 da aka kafa kewaye da shi. Yakan kasance a rufe, a wasu wuraren kuma ba a barin mata su shiga. Hasumiyar nan mai tsini da ake hangowa daga nesa ita ce chedi. Ba ɗaki ba ce, ba ta da ƙofar shiga; a cikinta aka binne wani abu mai tsarki a wurinsu. Can baya kuma ɗakunan kwanan malamai ne. Nan gidan mutane ne, ba wurin leƙe ba.

Malaman, masu mayafi ruwan goro, suna rayuwa ne a ƙarƙashin dokoki 227. Ba sa cin abinci bayan rana ta take tsaka. Da sassafe suke fita babu takalmi, da akushi a hannu, mutane na zuba musu shinkafa. In ka ci karo da su a titi, ka ba su hanya, kada ka ratsa layinsu don ɗaukar hoto. Da yawansu ba malaman dindindin ba ne: al'ada ce saurayi ya shiga malanta na 'yan makonni ko watanni, ya fito ya ci gaba da sana'arsa.

Na san tambayar da ke ran mai karatu: me zai kai Musulmi ko Kirista ɗakin da ke cike da mutum-mutumi? Hukuncin shiga ba nawa ba ne. Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba, ya tambayi malaminsa kafin ya tashi, in kuma ya ga ya tsaya a haraba ya kalli ginin daga waje, bai yi asarar kuɗin mota ba, domin rabin kyawun wat a waje yake. Abin da zan iya faɗa da tabbaci shi ne abin da masu gidan ke nema daga baƙo da abin da ba sa nema.

Ba sa neman ka durƙusa, ka yi sujada, ka kunna turare, ka ajiye fure, ko ka liƙa ganyen zinariya a jikin mutum-mutumi. Waɗannan ibada ce, ta masu ita ce. Musulmi 'yan ƙasa ne a Tailan, maƙwabta ne tun kaka da kakanni, don haka ganin mutumin da ya tsaya gefe bai sunkuya ba ba sabon abu ba ne gare su. In mai sayar da fure da turare ta miƙo maka a bakin ƙofa, ka yi murmushi ka ce "mai ao, khop khun khrap", wato ba na so, na gode. Mace ta ƙare da "kha" a maimakon "khrap". In ka ga malami a zaune yana yayyafa wa mutane ruwa yana ɗaura musu farin zare a wuyan hannu, wannan na wanda ya je ya durƙusa gabansa ne. Kada ka zauna cikin layin, babu wanda zai kira ka.

Abin da suke nema ladabi ne, kuma mafi yawansa Bahaushe ya taso da shi. Sutura ta rufe kafaɗa da gwiwa, maza da mata. Kaftani da wando, ko atamfa da mayafi, sun wadatar. Hijabi ba ya hana shiga. Namiji dai ya cire hular rana da baƙin tabarau in zai shiga zaure. Takalmi a ƙasan matakala ake barinsa, don haka ka sa mai sauƙin cirewa, ka riƙe safa a aljihu saboda daɓen da rana ta gasa. Dokin ƙofa tsallake shi ake yi, ba a taka shi.

Inda baƙi suka fi yin kuskure shi ne ƙafa. A wurin mutanen Tailan kai ne mafi daraja a jiki, ƙafa ce mafi ƙasƙanci. Miƙe ƙafa ta fuskanci mutum-mutumin Buddha, ko malami, ko ma wani dattijo, cin fuska ne. In za ka zauna a zaure, ka lanƙwashe ƙafafunka zuwa gefe, yatsu na kallon baya. Kada ka nuna abu da ƙafa, kada ka tsallake wanda ke zaune, kada ka shafa kan yaro ko da don ƙauna. Kada kuma ka tsaya ƙiƙam a kan malamin da ke zaune. Ka matsa baya ko ka zauna.

Ke kuma 'yar'uwa, ki sani dokar malamansu ta hana su taɓa mace, ko da gefen mayafi ne. Kada ki zauna kusa da su a mota, in hanya ta matse ki ɗan rage musu fili. In akwai abin da za ki miƙa, ki ajiye a kan ƙyallen da zai shimfiɗa, ko ki ba namiji ya miƙa. Ba raini ba ne, alkawari ne suka ɗaukar wa kansu.

Hoto an yarda da shi a mafi yawan wurare, sai inda aka sa alamar hani. Amma ba a hawa kan mutum-mutumi, ba a jingina da shi, ba a kwaikwayon zamansa don raha. Wannan ya wuce maganar ladabi: dokar ƙasar ta tanadi ɗaurin shekara 1 zuwa 7 ga wanda ya wulaƙanta abin bauta ko wurin ibada na kowane addini. Za ka ga hoton sarki a kusan kowane wat. Maganar gidan sarauta kada ka tsoma baki, ko da wasa, domin laifin yana kai mutum ɗaurin shekara 15.

Lampang Luang

In wat ɗaya kawai za ka gani a lardin, to ya zama Wat Phra That Lampang Luang, a gundumar Ko Kha, ƙasa da kilomita 20 kudu maso yamma da gari. Ka isa da sassafe, kafin rana ta yi zafi, ka ba shi awa biyu ba tare da gaggawa ba.

A kan tudu yake, da ganuwar bulo kewaye da shi, domin a dā mafaka ne lokacin yaƙi. Matakala ce za ta kai ka sama, macizan almara biyu na dafe da gefenta, ka bi ta ƙarƙashin wata ƙofa mai sassaƙa. Kana shiga sai ga babban zaure, wanda ake danganta gininsa da shekarar 1476. Abin da zai fara ba ka mamaki shi ne ba shi da bango. Ginshiƙan katakon tik ne manya-manya riƙe da rufi mai hawa uku, rufin ya sauko ƙasa-ƙasa ta gefe, iska na ratsawa ta ko'ina. Haka mutanen daular Lanna, wadda ta mulki arewa kafin a haɗe ta da Siyam, wato Tailan ta yau, suke gina zaurukansu, kuma kaɗan ne irinsa suka rage. Ka ɗaga kai ka dubi allunan da ke ƙarƙashin rufin. Akwai tsofaffin zane-zane a jikinsu, na fada da na rayuwar mutane, sun dushe amma ana gani. Wannan zauren, da yake a buɗe yake, wanda ba ya son shiga ma zai ga komai daga waje.

Bayansa hasumiyar take, tsawonta mita 45, an lulluɓe ta da fallayen tagulla da shekaru suka rina, wani wuri baƙi-baƙi, wani wuri kore, samanta kuma ruwan zinariya. Sun yi imani akwai gashin Buddha a cikinta. Masu ibada suna kewaya ta sau uku da fure a hannu, hasumiyar na hannun damansu. Kai da ba bauta ta kawo ka ba, ba sai ka yi zagayen ba. In dai za ka wuce, ka bi inda suka fuskanta don kada ku yi ta karo. A jikin shingen ƙarfen da ke kewaye da ita akwai huda da ake nuna wa baƙi, wai ta harsashi ce. Labarin da ake bayarwa shi ne, wajen 1732, lokacin da arewa ke ƙarƙashin ikon ƙasar Bama, wani maharbi mai suna Thip Chang ya saɗaɗo cikin ganuwar ta magudanar ruwa ya harbe shugaban rundunar da ta yi sansani a ciki. Shi ya zama sarkin Lampang, jikokinsa kuma suka mulki Chiang Mai da Lamphun.

Akwai wani abu da bai kamata ya wuce ka ba. A bayan hasumiyar akwai ɗan ƙaramin ɗaki a kan tudu. In an shiga aka rufe ƙofa, haske na shigowa ta wata 'yar huda ya faɗa kan farin ƙyalle, sai ga hoton hasumiyar da launinta, kanta a ƙasa. Babu tsafi a ciki. Haske a miƙe yake tafiya, wanda ya taso daga ƙololuwar hasumiyar ya ratsa hudar ya sauka ƙasa, na gindinta ya hau sama. A kan wannan ƙa'ida aka ƙera kyamara. Wannan ɗakin maza kaɗai ke hawa, an rubuta a allo. Amma a zauren Wihan Phra Phut da ke gefen hasumiyar ana ganin irin wannan hoton, kuma kowa na shiga.

Kafin ka fita, ka nemi babbar bishiyar bodhi, irin wadda suka ce a ƙarƙashinta Buddha ya samu wayewa. Rassanta na kwance a kan ɗaruruwan sanduna masu baki biyu da mutane suka kawo suka tokare ta da su, sadaka ce a wurinsu. Kada ka tsinki ganye, kada ka gusar da sanda.

Cikin gari

Haikalan cikin gari yini guda ya ishe su, kuma tarihin katako ne ya haife su. A ƙarshen ƙarni na 19 kamfanonin Ingila, irin su Bombay Burmah da Borneo, suka samu izinin sarar tik a dazuzzukan arewa. Da su suka zo da ƙwararrun ma'aikata daga Bama, wasunsu suka yi arziki suka gina wat irin na garinsu. Shi ya sa za ka ga rufi hawa-hawa mai ado kamar leshi a Wat Si Rong Mueang da Wat Si Chum. Na Si Chum gobara ta cinye babban zaurensa a 1992, wanda ke tsaye yanzu sabon gini ne. Si Rong Mueang ya fi cancantar lokacinka: ginshiƙansa na ciki an manne su da gutsattsarin gilashi masu launi tun daga ƙasa har rufi.

Tsallaken kogin Wang akwai Wat Phra Kaew Don Tao. A nan ne koren mutum-mutumin nan da ke fadar Bankok yanzu, wanda ƙasar ba ta da abin da take girmamawa kamarsa, ya zauna sama da shekara 30 a ƙarni na 15. Ba nisa da shi akwai Wat Pong Sanuk, ƙarami ne, amma ina ƙaunarsa saboda mutanen unguwa ne suka tsaya aka gyara tsohon zaurensa da dabarun dā maimakon a rushe a zuba siminti, har hukumar UNESCO ta ba aikin lambar yabo a 2008.

Lampang ne garin da keken doki bai mutu ba a Tailan. In za ka hau, ku yi ciniki kafin ka taka, kuma ka zaɓi safiya ko la'asar. Da tsakar rana dabbar wahala take sha a kan kwalta.

Abinci kuwa sai an yi hattara, domin arewacin Tailan ƙasar naman alade ce. Sunansa "mu", kuma "mai kin mu" na nufin ba na cin alade. Amma faɗin haka bai isa ba. Romon taliya a shagunan titi sau da yawa da ƙashin alade ake dafa shi ko da kaza ka ce a sa maka, tsiren hanjinsu mai suna sai ua na alade ne, haka ma jan miyar nam phrik ong. Ka nemi shago mai alamar halal ko wata da tauraro. Akwai Musulmi a garin, akwai Masallacin Al-Falah, kuma a wurinsu za ka samu khao soi, taliya a romon kwakwa da kori, da kaza ko naman sa, abincin da ake dangantawa da fataken Musulmi da suka riƙa gangarowa daga Yunnan ta ƙasar Sin. Shago mai tutar rawaya da jan rubutu kuma na masu cin ganye zalla ne, babu nama ko kaɗan. In lokacin salla ya yi, ka tuna alƙibla a nan yamma take, an ɗan karkata arewa. A cikin wat kada ka shimfiɗa darduma. Ka fita ka nemi inuwa ko ka koma masauki.

Hanyar arewa

Ranar ruwan zafi ka ɗauki hayar mota da direba tun daga gari. A hagu suke tuƙi, hanyar kuma ta dutse ce mai lanƙwasa, ba ranar koyo ba ce. Ka bi hanya mai lamba 1035 zuwa gundumar Chae Hom, fiye da awa ɗaya. A can ne Wat Chaloem Phra Kiat yake, wanda hotonsa ya cika intanet: ƙananan fararen hasumiyoyi a kan tsinin duwatsu, inda ka rantse ɗan Adam ba zai iya kai bulo ba. Sabo ne, an yi shi ne don tunawa da cika shekara 200 da haihuwar Sarki Mongkut na Siyam, wadda ta faɗo a 2004. A ƙasa ake ajiye mota, a biya a hau a-kori-kurar wurin, ta kai ka iyakar inda mota ke zuwa, sauran kuma ƙafa ce da matakala mai tsayi. Mai ciwon gwiwa ko zuciya ya tsaya a hawan ƙasa. A ganina darajarsa a hangen kwarin take, ba a ginin ba. In lokaci ya ƙure, shi za a bari, ba Lampang Luang ba.

Daga nan zuwa gandun dajin Chae Son, a gundumar Mueang Pan, bai kai awa ɗaya ba. An ayyana shi gandun ƙasa a 1988. Ana biyan kuɗin shiga, na baƙo ya fi na ɗan ƙasa, haka tsarin yake a duk gandayensu. Giya haramun ce a ciki, tun 2022 kuma an hana shiga da leda da robar da ake yarwa bayan amfani ɗaya.

Ruwan

Wanda ya san Wikki ta Yankari ya cire ta daga ransa. Wikki ɗumi ne da ita, digiri 31, yaro ma na faɗawa. Ruwan Chae Son yana fitowa ne da zafin digiri 70 zuwa 80, wanda cikin daƙiƙa kaɗan yake saɓule fata. Idanun ruwa 9 ne a wani fili mai duwatsu da ciyawa, tururi na tashi, warin farar wuta na bugun hanci. Babu dutse mai aman wuta a wurin. Ruwan sama ne ke nutsewa ta tsagar duwatsu zuwa can ƙasa inda dutse ke da zafi, ya ɗumama, ya narko ma'adinai, ya sake samun tsaga ya taso. Saboda haka idanun nan na kallo ne da dafa ƙwai, ba na shiga ba. Ka bi hanyar da aka shata, ka riƙe hannun yaro, kada ka gwada zafin da yatsa.

A bakin wurin ana sayar da ƙwai, na kaza da na salwa, a cikin ɗan kwandon gora mai igiya. Ka rataya igiyar a ƙugiyar da aka kafa, kwandon ya nutse, ka duba agogo. Lissafin da wurin ya yi suna da shi minti 17 ne. In ka fasa za ka ga abin da ba ka saba gani ba: gwaiduwa ta daskare, farin kuma yana nan laushi kamar ɓargon ɗanyar kwakwa. Dalili shi ne gwaiduwa tana kamewa tun zafi bai kai digiri 70 ba, farin kuwa ba ya gama kamewa sai zafi ya kai wajen 80. A tukunya ruwa tafasa yake yi, farin da ke waje ya riga dahuwa. A nan zafin ya tsaya a tsakani. Ana cin sa da ɗigon miyar waken soya da barkono, ko a kai wa masu abinci su haɗa shi da albasa da lemon tsami da yaji. Mai ciki da ƙaramin yaro su bar mai ruwa-ruwan.

Wanka kuwa a gefe ake yi, inda aka janyo ruwan ta bututu aka surka shi da na sanyi. Akwai ƙananan ɗakuna na haya, kowanne da kwarmin wanka da ƙofa mai sakata, su na fi ba iyali shawara. Akwai tafkin tarayya, maza daban, mata daban. Akwai kuma inda ruwan zafi ya haɗu da rafi mai sanyi, mutane na zaune a kan dutse sun tsoma ƙafa. Ba a tsiraici a nan. Maza da gajeren wando suke shiga, mata da ɗaurin ƙirji ko riga, don haka ki zo da zani biyu, na shiga da na canji, da tawul.

Ga yadda ake yi. Ka sha ruwa tukuna, kada ka shiga da cikakken ciki ko da yunwa. Ka cire zoben azurfa, domin farar wuta baƙanta shi take yi. Ka watsa ruwa ka wanke jiki kafin ka shiga, sabulu kuma ba ya shiga tafkin tarayya. In a ɗaki ne, ka fara sakin ruwan sanyi sannan na zafi, ka gwada da gwiwar hannu. Wajen digiri 40 ya isa. Ka soma da ƙafa, ka jira jiki ya saba, sannan ka zauna ruwa ya tsaya a ƙirji. Minti 10 zuwa 15, sai ka fito ka huta, in kana so ka koma. Zafi yana buɗe jijiyoyin jini, awon jini ya sauka, shi ya sa wanda ya miƙe zumbur jiri ke kwasarsa. Ka tashi a hankali kana dafe da gefe. Kada ka nutsar da kai: a ruwan ɗumi na daji akan samu wata ƙwayar cuta da ke bi ta hanci zuwa ƙwaƙwalwa, ba kasafai ba, amma wanda ta kama da wuya ya tashi. Ruwan kuma ba na sha ba ne.

Mai ciki, mai ciwon zuciya, mai hawan jinin da bai daidaita ba, da mai ɗanyen rauni, su tsaya a kallo sai da izinin likita. Mai ciwon suga da ƙafarsa ba ta jin zafi sosai ya fi kowa shiga haɗari, domin zai ƙone bai sani ba. Wani ya gwada masa ruwan. Za ka ji ana cewa ruwan na maganin kaza da kaza. Abin da na yarda da shi shi ne yana sassauta gajiya da tsamin jiki, musamman bayan hawan matakala, amma kada kowa ya ajiye maganin asibiti saboda shi. In wani abu ya faru, lambar motar asibiti 1669 ce, ta 'yan sandan kula da baƙi kuma 1155. Warin ruwan kada ya sa ka shakkar alwala: a fiƙihun Malikiyya ruwan da ƙasar da yake kwance a kai ta sauya masa wari ko launi yana nan da tsarkinsa. Sai dai ka ɗiba daga famfo, ba daga tafkin da jama'a ke ciki ba.

Kimanin kilomita ɗaya daga idanun akwai ruwan da ke zubowa daga dutse hawa 6, da matakala a gefensa. Ka fara da shi, ka ƙare da wanka, ba akasin haka ba, domin bayan ruwan zafi ƙafa ba ta son hawa. Hukumar gandun tana da ɗakunan kwana da filin kafa tanti, ana kama su tun da wuri a lokacin sanyi. Wanda ya kwana zai ga filin da asuba, lokacin da iska mai sanyi ke sa tururin ya yi kauri, kafin motoci su iso. In a Fabrairu ne, ka sa direba ya hau da kai ƙauyen Ban Pa Miang da ke saman dutse, inda suke noman ganyen shayin da ake tsimawa a tauna, fararen furanni kuma sun rufe gangaren. Wanda ba zai kwana ba ya kama hanya tun la'asar, don lanƙwasar dutsen ba ta da daɗi cikin duhu.

Tsaraba kuwa, kada ka sayi mutum-mutumin Buddha ko tsohon kayan wat don kai wa wani, domin fitar da su daga ƙasar sai da izinin hukumar kula da kayan tarihi, jami'an kwastan kuma suna ƙwacewa. Lampang garin tangaran ne. Kwanonsu mai zanen zakara, wanda Sinawa 'yan ci-rani suka fara ƙerawa da farar ƙasar lardin, yana da araha a masana'antu da kuma kasuwar dare ta Kad Kong Ta, wadda ke ci ranar Asabar da Lahadi a bakin kogi. Ka ce su naɗe maka kowanne da takarda, ka jera su a tsakiyar akwati tsakanin tufafi.